Shin Sunan Mutum Nasa Ne Har Ya Sayar?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane Ya bambanta fuskokinsu da muryoyinsu da zanen yatsunsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar Isha'i a masallacin unguwarmu a nan Kakuri, wani dattijo maƙwabcina ya biyo ni har zaure, ɗansa na biye da shi kansa a sunkuye. Dattijon nan tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ɗan kuwa saurayi ne mai tuƙa Keke Napep, wanda ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Abin da ya faru shi ne, wani mutum ya same shi a inda su ke jiran fasinja, ya ba shi Naira 2,000, shi kuma ya bar shi ya ɗauki hoton takardarsa ta NIN, ya faɗa masa lambarsa ta BVN, ya kuma tsaya aka ɗauki hoton fuskarsa. Bayan 'yan watanni sai ya tarar an rufe asusunsa na banki, aka kira shi ya zo ya yi bayanin waɗansu kuɗi masu yawa da suka ratsa ta cikin wani asusu mai ɗauke da sunansa, alhali kuwa bai ma san an buɗe shi ba.

Da uban ya gama bayani, sai yaron ya ɗago kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa ban ɗauki kuɗin kowa ba. Lambata ce, sunana ne, fuskata ce. Idan mutum ya sayar da rigarsa ko akuyarsa ba a ce ya yi laifi. To don me za a ce na yi laifi don na sayar da abin da ya ke nawa?"

Uban ya daka masa tsawa, amma na ce, "Baba, ƙyale shi, tambaya ya yi, kuma tambayar tana da nauyi." A daren nan ban ba shi cikakkiyar amsa ba. Ita ce na ke so mu duba tare a wannan mako, domin na tabbata akwai irinsa da yawa, kuma akwai waɗanda ba su sayar ba, sace musu aka yi.

Mu fara da tambayar kanmu, da me a ke gane mutum? Larabawa su kan kira wannan abu huwiyya, kalmar da aka ciro daga huwa, watau "shi". Ma'anarta ita ce abin da ya sa a ke nuna mutum a ce shi ne, ba wani ba. A zamanin iyayenmu, wannan abu yana hannun jama'a. Idan baƙo ya sauka Kakuri ko Makera neman aikin masaƙa, bayan da aka buɗe ta farko a shekarar 1957, sai a tambaye shi ɗan wane ne shi, daga wane gari, wa ya sauke shi. Mai unguwa ya san shi, liman ya san sahun da ya ke tsayawa, mai kanti ya san ranar da ya ke karɓar albashi. Wanda duk ya so ya yi sojan gona da sunansa, sai ya fara ruɗin idanun unguwa guda, abin da ba shi da sauƙi.

Yau kuwa an tattara wannan shaida duka an zuba ta cikin 'yan lambobi. A shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, mai alƙaluma 11. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar shekarar 2007, ita ke ba da lambar NIN, ita ma mai alƙaluma 11. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta NIN. Waɗannan abubuwa an yi su ne da kyakkyawar manufa, don a san mai asusu a san mai layi. Amma kwamfuta ba ta san ɗan wane ne kai ba, ba ta san halinka ba. Wanda duk ya kawo mata lambobin da hoton, a wurinta shi ne kai.

Kada wani ya zaci abin da ya sami ɗan maƙwabcina tsautsayi ne na mutum ɗaya. A watan Yuli na shekarar 2025 Hukumar EFCC ta ba da sanarwa cewa akwai matasa wajen 12,000 a faɗin ƙasar nan da suka mai da wannan abu sana'a. Su kan bi mutane su sayi takardar NIN da lambar BVN da hoto a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, sa'an nan su sayar da su a kan wajen Naira 5,000, a buɗe asusu da su a yi damfara. Dalilin cinikin a fili ya ke. Ɗan damfara ba ya son kuɗin da ya sato su sauka a asusun da ke ɗauke da sunansa, domin nan masu bincike za su fara dubawa. Saboda haka ya ke neman sunan wani ya yafa kamar mayafi, in ya gama ya yar. Ranar da aka biyo sawu, sawun zai tsaya ne a ƙofar gidan mai sunan.

Ko da ya ke lambobin sababbi ne, matsalar tsohuwa ce. Ya zo a cikin ingantattun hadisai cewa sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi. Sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa da manzancinsa a kai, ya kuma hana kowa ya yi irin wannan zane a nasa zoben. Ku duba hikimar wannan hani. Hatimi ba shi da amfani sai in mutum ɗaya ne ke da shi, da zarar ya zama biyu to shaida ta rushe.

Tarihi kuma ya nuna mana abin da ke faruwa idan hatimi ya yi magana ba da sanin mai shi ba. A shekara ta 35 bayan Hijira, mutanen Masar da suka zo Madina da koke-kokensu sun kama hanyar komawa gida, sai suka tare wani ɗan aike ɗauke da wasiƙa zuwa ga gwamnan Masar, mai umurnin a hukunta su, kuma da hatimin Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, a jikinta. Suka juyo Madina a fusace. Sayyidina Usman ya rantse bai rubuta ba, bai kuma sa a rubuta ba. Malaman tarihi sun yi saɓani a kan wanda ya ƙaga wasiƙar, amma ba su yi saɓani a kan abin da ya biyo baya ba: aka kewaye gidansa, aka kashe shi a watan Zulhajji na wannan shekara, aka buɗe ƙofar fitinar da al'umma ta daɗe tana ɗanɗana ɗacinta. Idan sunan Halifa bai tsira daga masu ƙage ba, ina ga nawa da naka?

To yanzu mu koma ga tambayar yaron nan. Ya kwatanta sunansa da akuya, mu bi shi a kan kwatancinsa. Wanda ya sayar da akuya, akuya ta bar gidansa. Gobe in ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sabon mai ita za a nema. Malaman fiƙihu sun shardanta cewa abin sayarwa ya kasance ana iya miƙa shi ga mai saye, ya fita daga hannun wannan ya shiga hannun wancan. Shin suna yana fita? Ka karɓi Naira 2,000 ka koma gida, sunanka yana nan manne da kai, da shi za a kira ka gobe, da shi za a ɗaura maka aure, da shi za a yi maka salla. Mai saye ya tafi da amfanin sunan, kai kuwa an bar ka da alhakinsa. Wannan bai cika sharuɗɗan ciniki ba ko kaɗan.

In kuwa ba sunan ya sayar ba, me ya sayar? Shaida ya sayar. Duk sa'ad da aka shigar da lambarka aka buɗe asusu, kamar ka miƙe ne a gaban banki da hukuma da duk wanda zai aika kuɗi can, ka ce, "Ni ne mai wannan asusu, na ɗauki nauyinsa." Idan ka san ba kai ba ne, to ka yi shaidar zur, ko da bakinka bai motsa ba. Shaidar zur kuwa Annabi ya lissafa ta cikin mafi girman manyan zunubai. Matar da aka yaudara ta tura kuɗin jarinta cikin asusun nan, ta tura ne don ta ga suna irin na mutanen kirki, hankalinta ya kwanta. Da sunanka aka kwantar mata da hankali.

Har wa yau, sunan ma ba naka ne kai kaɗai ba. Ba kai ka raɗa wa kanka shi ba, ranar suna aka tara jama'a aka yanka rago aka raɗa maka, kuma a jikin takardar nan sunan mahaifinka yana biye da naka. Musulunci ya tsananta a kan wannan ƙwarai. Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi, an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu saboda riƙon da Annabi ya yi masa, har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka da umurnin a riƙa danganta kowa ga ubansa na haihuwa. Idan ba a yarda mutum ya ari sunan mafificin halitta ba, alhali ƙauna ce ta haɗa su, yaya za a yarda ka ara wa wanda ba ka sani ba sunan mahaifinka ya je ya yi sata da shi? Na dubi dattijon nan a zaurena, mutumin da ya yi shekaru yana tsaye gaban injin saƙa bai taɓa ɗaukar ƙyallen da ba nasa ba, ga shi yau ana karanta sunansa a takardar bincike. Ba a shawarce shi ba ranar da aka yi cinikin.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai yaron bai san abin da za a yi da lambar ba. Gaskiya ne bai san dalla-dalla ba, kuma wannan zai rage masa nauyi. Amma mai hankali ya kan tambayi kansa: mutumin nan shi ma yana da tasa lambar, don me zai biya kuɗi ya karɓi tawa? Ba shi da wani dalili sai dai yana da aikin da ba ya son a ga tasa a kai. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da makami ga wanda aka san ɗan fashi ne, da sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, ko da ya ke makami da inabi halal ne a kan kansu. Wannan shi ne toshe kafar ɓarna. Hausawa ma sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani kuma zai ce, Malam, kana magana ne da cikakken ciki, yunwa ce ta sa. Wannan magana ba zan raina ta ba. Ni ɗan unguwar nan ne, na ga zamanin da jiniyar masaƙu ke tayar da mu, na kuma ga yadda suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya tun daga wajen shekarar 2002, gidaje masu yawa suka rasa mai ciyar da su. Wanda ya bi mayunwaci da Naira 2,000 don ya saye sunansa ya fi shi laifi nesa ba kusa ba, kuma mawadatan da suka bar maƙwabtansu cikin wannan hali su ma za a tambaye su. Amma duk da haka, ƙa'idar malamai ita ce larura ba ta soke haƙƙin wani. An yi wa mayunwaci rangwame ya ci mushe don ya rayu, ba a yi masa rangwame ya zama tsanin da za a taka a shiga gidan wani talaka ɗan'uwansa ba. Balle ma kuɗin ba su kai cefanen kwana biyu ba, wahalar kuwa ta watanni ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan game da wanda ya sayar ke nan. Saura wanda aka sace wa. Ana buga wa mutum waya a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai faɗi lambar da aka turo masa yanzu ba. Ana aiko da saƙo a ce gwamnati na rabon tallafi, a cika suna da BVN. Ana kiran mutum a ce an sa shi cikin taron ƙungiyarsu ta WhatsApp, ya karanto alƙaluma 6 da suka shigo wayarsa, da ya karanta sai a ƙwace masa shafin, a shiga roƙon 'yan'uwansa rance da sunansa. Ana sace waya a cire layin a sa a wata, a kwashe abin da ke asusu. Wanda wannan ya same shi an zalunce shi ne, kada a haɗa masa zafi biyu da gori. Amma tambaya ita ce, shin wajibi ne mutum ya yi tsaro tun kafin abin ya auku, ko kuwa yawan tsaro rashin tawakkali ne da munana zato ga Musulmi?

Na sha jin wannan daga bakin mutanen kirki. Su kan ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa, ko su ce kunya su ke ji su tuhumi wanda ya yi musu sallama da ladabi. Amsar tawakkali sananniya ce: Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Game da zato kuwa, Suratul Hujurati da ta hana yawan zato a aya ta 12, ita ce ta yi umurni a aya ta 6 da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai a ke yi wa magana a cikinta. Malaman hadisi ba su karɓi ruwaya daga mutum don tsawon gemunsa ba, sai sun san ko shi wane ne, daga wa ya ji. Saboda haka bincike ba zargi ba ne. Kuma tun da mun ga cewa da sunanka a ke cutar waɗanda suka amince da kai, to tsare shi ya wuce sha'anin dukiyarka, ya zama tsare haƙƙin mutane. Abin da ya ke amana kuwa, sakaci da shi laifi ne.

A nan dole in fara da kaina. Wata rana na sayi ƙosai, da na buɗe takardar da aka ƙunshe shi sai na ga kwafin takardar NIN ta wata baiwar Allah, da hotonta da lambarta, mai ya jiƙa su. Na koma makarantar da na ke koyarwa na buɗe kabad ɗin ofishinmu, wanda ba shi da ko kwaɗo, na tarar da tulin irin waɗannan takardu na ɗalibai da iyayensu, waɗansu sun shekara biyar da gamawa. Ni ne mai karantar da babin amana, ga amana a gabana ban gane ta ba don ta zo a siffar takarda. Malaman makarantu, da masu shagon kwafi, da masu POS, da masu rajistar layi, da ma'aikatan banki da na asibiti, duk masu riƙon amana ne. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, a sashe na 22, ta tanadi ɗaurin shekaru ko tarar miliyoyin Naira ga mai sojan gona da bayanan wani, kuma a shekarar 2023 an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Amma kafin dokar ƙasa ta iso, akwai Wanda ba a ɓoye masa kome.

To me ya kamata mu yi? Na farko, lambar sirri ta katin ATM, da lambar da banki ke turowa ta ɗan lokaci, da alƙaluman WhatsApp, ba a faɗa wa kowa su. Banki ba ya tambayarsu ta waya, wanda duk ya tambaya ka kashe wayar ka tafi reshen bankinka da ƙafarka. Na biyu, ka sa wa layinka lambar kullewa, ka sa wa WhatsApp ɗinka kulle na biyu, kuma kada lambar sirrinka ta zama shekarar haihuwarka. Na uku, in wayarka ta ɓace, kafin ka zauna jimami ka sa a toshe asusun da layin. Na huɗu, a wurin mai POS kai za ka danna lambarka da hannunka, kana kare ta da ɗaya hannun. Na biyar, kada ka bar kwafin takardunka a shagon kwafi, waɗanda ba ka bukata kuwa ka ƙone su. Na shida, kada ka yi wa wani rajistar layi da sunanka, kada kuma ka ba da aron asusunka a saukar da kuɗin da ba ka san asalinsu ba, ko da za a ba ka lada. Na bakwai, in saƙon neman rance ya zo da sunan ɗan'uwanka, buga masa waya ka ji muryarsa tukuna. Sa'an nan ku zauna da iyaye tsofaffi da matan gida ku karanta musu wannan, domin in kunne ya ji jiki ya tsira.

Wanda kuwa ya riga ya sayar, ƙofar tuba a buɗe ta ke, amma tubar da ta shafi haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai. Ya je bankinsa ya faɗi gaskiya, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar EFCC, ya adana takardar rahoton, ya kuma gargaɗi abokansa. Gara ya kai kansa da a zo a same shi.

Haka muka yi da ɗan maƙwabcina. Har yanzu yana kai da kawowa, kwanakin da ya kamata ya yi a kan kekensa yana yin su a kan benci yana jiran a kira shi, uban kuwa shi ya tsaya masa. Da na karanta masa abin da na rubuta a nan, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe har da sunan Baba na sayar." Na ce masa, "Ɗana, ka gane karatun."

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da sunayen iyayenmu, Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya wadata matasanmu da halal. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.